Yadda ake gane kayan haɗin tuƙi na ƙaramin jirgin sama ƙirar gida, da yadda ake zaɓensu

Tsakanin hannun matuƙi da ɓangarorin fiffike masu motsi akwai jerin ƙananan ƙarafa waɗanda za su iya cika kwano guda: bol da noti da washa, kawunan sanda masu ƙwallo, kebul da fuli da maɗaurinsa. Idan inji ya mutu a sama, matuƙin da ya san aikinsa yana iya sauko da jirgi a fili ya fita da ƙafarsa, amma idan bol ɗaya ya zare daga sandar da ke ɗaga hancin jirgi, dabarar da ta rage masa kaɗan ce ƙwarai. Saboda haka wanda ya ɗauki aikin ƙera ƙaramin jirgi da hannunsa ya kamata ya san kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙarafa da lambarsa, ya kuma san dalilin da ya sa aka ajiye shi a inda yake.

Wannan sana'a a Amurka ta fi ƙarfi, inda hukumar kula da sufurin sama ta ƙasar, FAA, take ba da lasisin gwaji ga jirgin da mai shi ya yi mafi yawan aikinsa da kansa, kuma inda ƙungiyar masu ƙera jirage da hannunsu, EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, take tara ɗaruruwan irin waɗannan jirage kowace shekara a garin Oshkosh. Shi ya sa zane-zanen kamfanoni irin su Van's da Zenith suke amfani da ma'aunin inci da lambobin sojan Amurka. Ko jirgin Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna domin horar da matuƙan sojan sama, asalinsa daga RV-6A na kamfanin Van's ne. Littafin da kowa yake komawa gare shi a kan wannan batu shi ne AC 43.13-1B na FAA, wanda ya fito a 1998, amma zanen wanda ya tsara jirgin yana gaba da shi a duk inda suka saɓa.

Kafin a taɓa kowace mahaɗa, a yi mata tambaya uku. Wane irin nauyi take ɗauka, ja ne ko turi ko kuwa ƙarfin da yake neman yanke bol ta gefe kamar almakashi? Shin bol ɗin kansa yana juyawa idan aka motsa sandar tuƙi, ko a matse yake, wani abu daban ne yake juyawa a kansa? Sannan idan abu na farko ya saki, mene ne zai riƙe mahaɗar kada ta rabu? Kusan duk ƙa'idojin da za su biyo baya amsoshin waɗannan tambayoyi ne.

A fara da bol, domin shi ya fi yawa. Haruffan AN a gaban lamba suna nufin ma'aunin da sojan Amurka suka tsayar, MS shi ne wanda ya biyo baya, NAS kuma na masana'antar jiragen sama ne. Lambar da ke manne da AN tana faɗin kaurin bol a kashi goma sha shida na inci: AN3 kusan 3/16 ne, AN4 1/4 ne, AN5 kuma 5/16. Lambar da ke bayan ɗan layi tana faɗin tsawo a kashi takwas na inci, shi ya sa bayan -7 sai -10, babu -8 babu -9, domin -10 yana nufin inci ɗaya cif, -12 kuma inci ɗaya da 2/8. Harafin A a ƙarshe yana nufin ba a huda gindin bol ba, rashinsa yana nufin akwai hudar saka fin, H kuma kafin layin yana nufin an huda kan bol domin wayar kulli. Ke nan AN4-12A bol ne mai kaurin 1/4, tsawonsa ya ɗan zarce inci ɗaya da kwata, ba shi da huda. A saman kansa za a ga alamar X ko tauraro idan na ƙarfe ne mai rufin kadmiyom, layi ɗaya idan na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, layi biyu idan na alminiyom ne, wanda ba shi da wuri a mahaɗar da ake yawan kwancewa. Alamar kusurwa uku tana nuna bol mai ma'auni matsattse, daga AN173 zuwa AN186, wanda ake sa wa a inda ba a son ko ɗan wasa.

Abin da ya fi tsawon bol muhimmanci shi ne tsawon santsin jikinsa, wato wurin da ba a yi wa zare ba. Dole wannan santsi ya ratsa dukkan kaurin ƙarafan da ake haɗawa, yadda babu zare ko ɗaya da zai zauna a cikin rami yana ɗaukar nauyi, domin zare yana cin ramin kamar zarto, kuma a kwarin zare tsagewa take farawa. Santsin AN4-12A, alal misali, 13/16 na inci ne. Idan santsin ya ɗan zarce, a cike da washa AN960, mai kaurin 1/16 ko siririyarta mai harafin L mai kaurin 1/32. Idan aka ga ana buƙatar fiye da uku, a sauya bol ɗin da wanda ya fi shi gajarta. Bayan an ɗaure, aƙalla zare ɗaya cikakke ya leƙo ta bayan noti. Inda wuri ya ba da dama, kan bol ya kasance sama ko ya fuskanci gaba, domin ko noti ya faɗi, bol ɗin ya daɗe bai fice ba.

A nan ne nake son mai karatu ya tsaya sosai, musamman wanda yake ƙasar da kasuwarta take sayar da bol na milimita. Bol na M5 da bol na AN3 suna kama da juna har ido ba ya raba su, kuma tazarar zarensu kusan ɗaya ce, saboda haka notin M5 yana hawa kan AN3 yana juyawa lafiya, alhali riƙon da ya yi masa sako-sako ne. Haka M6 yake shiga ramin 1/4 ya bar wasan da ya kai kusan sulusin milimita, wasan da a ƙarshen fiffike zai zama girgiza. Bol na shagon kayan gini ko na mota, ko da an buga masa alamar ƙarfi ta 8.8 ko layuka shida a ka, yawanci zarensa dogo ne, ba a san wanda ya yi shi ba, ba a kuma san ko an gwada shi ba. Bol na AN ƙarfinsa ya kai laba 125,000 a kowane murabba'in inci, kuma an yi shi yadda zai lanƙwashe kafin ya karye. Injin Rotax, wanda ake ƙerawa a Ostiriya, da milimita aka yi shi, don haka wanda yake da shi zai riƙe iri biyu a wurin aiki ɗaya. Ya raba musu akwati, ya rubuta lamba a jikin kowace jaka, kuma duk ƙarfen da ya rasa jakarsa aka kasa tantance shi da ma'auni, kada ya kusanci kayan tuƙi.

Zaɓen noti yana bin tambaya ta biyu. Idan bol yana juyawa a cikin aikinsa, kamar wanda ya ratsa baki mai yatsu biyu na ƙarshen kebul, noti mai kulle kansa bai isa ba, domin juyin yau da gobe zai kwance shi. A nan ana sa bol mai huda, da noti mai tsagi a ka, AN310 ko siririnsa AN320 na wurin da nauyin yankan gefe kaɗai yake, sannan a ratsa fin mai ƙafa biyu, AN380 ko MS24665, a lanƙwasa ƙafafunsa. Fin sabo ake sawa kowane lokaci, wanda aka taɓa miƙewa an gama da shi. Akwai bol na musamman domin irin wannan baki, daga AN21 zuwa AN36, mai kai zagayayye da tsagin sukurdireba, wanda ake auna tsawonsa a kashi goma sha shida maimakon takwas. Shi nauyin gefe kawai yake ɗauka, kuma ba a matse notinsa har ya hana bakin motsi. Idan kuwa bol ya matse ƙwallon boris tsakanin ƙarafa biyu, ta yadda ƙwallon ne yake tsaye gidansa yake juyawa, to bol ɗin ba ya juyawa, kuma noti mai kulle kansa, AN365 mai zoben nailan, ya halatta idan zanen ya faɗi haka. Zoben nailan ba ya jure zafin da ya wuce digiri 121 na ma'aunin Selsiyus, saboda haka a wajen inji, kamar mahaɗar totur, ana sa na ƙarfe zalla irin su AN363 ko MS21042. Duk notin da ya hau har ƙarshe da yatsu kawai ya daina kullewa, a jefar da shi.

Ƙarfin ɗauri ma yana ruɗin mutane, domin hannun da ya saba da mota yana wuce gona da iri. AN3 da noti cikakke inci-laba 20 zuwa 25 kawai yake so, AN4 50 zuwa 70, AN5 kuma 100 zuwa 140, a kan zare busasshe marar mai, siraran noti kuma ƙasa da haka. A nemi ƙaramar sifana mai auna ƙarfi. Idan tsagin noti bai dace da huda ba a cikin wannan iyaka, a sauya washa har ya dace.

Kan sanda mai ƙwallo, wanda Amurkawa suke kira Heim da sunan kamfanin da ya shahara da shi, mutanen Ingila kuma suke kira Rose, shi ne mahaɗar da ta fi yawa a ƙarshen sandunan turi da ja. Ana gane shi da abubuwa huɗu: faɗin ramin ƙwallo, kaurin zaren wutsiyarsa, ko namiji ne mai zare a waje ko mace mai zare a ciki, da kuma ko zarensa na dama ne ko na hagu. A lambobin kamfanin Aurora, MM namiji ne na dama, MB namiji na hagu, MW mace ta dama, MG mace ta hagu, lambar da ke biye kuma faɗin rami ce a kashi goma sha shida. A kula cewa wasu kawunan da ake sa wa jirage raminsu 3/16 ne amma wutsiyarsu 1/4 ce ko fiye, domin a ƙara mata ƙarfi. Wanda ya duba rami kawai ya sayo mai wutsiyar 3/16 ya rage ƙarfin mahaɗar ba tare da ya sani ba. Masu ramin giris a wutsiya sun fi rauni domin an huda su, kada a sa su sai inda zane ya ce. A wurin da ƙurar hunturu take da yawa, mai da ƙura suna haɗuwa su zama abin goge ƙarfe, don haka mai shimfiɗar Teflon a ciki, wanda ba ya buƙatar mai, yana da amfani, ko da yake yana da ɗan tauri wajen motsi.

Wajen ɗaura shi akwai abubuwan da ba a sassauci a kansu. Na farko shi ne zurfin shigar zare. Da yawa daga cikin kawuna mata da ƙarshen sanduna suna da ƙaramar hudar shaida a gefe: a tura siririyar waya a ciki, idan ta ratsa ta wuce, zare bai shiga yadda ya kamata ba. Sannan a yi wannan gwaji a ƙasa kafin a rufe fiffike: a sassauta notin kulli na ɓangarorin biyu, AN316, a juya sandar har ƙarshe ta kowane gefe, a tabbata ta tsaya kafin ɗaya kan ya fita. Idan tana iya kwancewa gaba ɗaya, sandar ta yi gajarta, sai a yi wata. Na biyu shi ne babbar washa. Idan kan sanda ba ya tsakanin ƙarafa biyu, wato a gefe ɗaya kawai aka rataye shi, a sa washa mai faɗi irin AN970 a ɗaya gefen, yadda ko gidan ƙwallon ya saki ƙwallonsa ba zai iya tsallake kan bol ya faɗi ba. A tsakanin ƙwallo da babbar washar a sa ƙaramar washa ko ɗan zobe, domin kada babbar ta tokare gidan. Na uku, a kai sandar tuƙi kowace kusurwa, a kama sandar turi da yatsu a ɗan murɗa ta. Idan a wata kusurwa ta ƙi murɗawa, ƙwallon ya kai iyakar karkatarsa, kuma wutsiyar tana lanƙwasa a duk motsi har ranar da za ta gaji.

Ita sandar kanta bututu ce ta alminiyom 6061-T6 ko 2024-T3, ko ta ƙarfe 4130, kuma a wajen turi take gazawa. Idan aka ninka tsawon bututu sau biyu, nauyin da zai iya turawa kafin ya tanƙware yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka ba a ƙara wa sanda tsawo ko a rage mata faɗi domin ta samu wurin wucewa, kuma wadda ta lotsa ko ta ɗan karkace ba a miƙe ta a mayar.

Kebul na jirgi ana gane shi da yadda aka tufka shi. 7x19 igiya bakwai ce kowace da siraran wayoyi 19, shi ya fi laushi, shi ake bi da shi ta kan fuli. 7x7 ya fi shi tauri, ana sa shi inda lanƙwasa kaɗan ce. 1x19 ba ya lanƙwasa, na ɗaure gangar jiki ne. Tsohuwar dokar ƙananan jirage masu takardar shaida a Amurka, wadda aka sauya a 2017, ta hana kebul da ya gaza 1/8 na inci a manyan hanyoyin tuƙi, kuma ko da yake wasu ƙananan jirage ƙirar gida suna amfani da 3/32 bisa lissafin mai zanensu, ba wanda ya isa ya sauko da kauri da ra'ayin kansa. Kebul 1/8 na 7x19 mai rufin tutiya yana tsinkewa a laba 2,000, kimanin kilo 907, na ƙarfen da ba ya tsatsa kuma a laba 1,760. Mutane suna ɗaukan na biyun ya fi domin ƙyallinsa, alhali ya fi saurin gajiya a kan fuli. Ni na fi son mai tutiya sai ga jirgin da zai zauna kusa da teku. A nemi wanda aka yi bisa ma'aunin MIL-DTL-83420, domin kebul na shago mai sunan jirgi a jikin kwalinsa sau da yawa ba shi da man da ake sa wa a cikin tufkar. Ba a yanka shi da wuta, domin zafi yana kashe ƙarfin waya.

Ƙarshen kebul iri biyu ne. Akwai wanda inji yake matse ƙarfen a kan kebul, kamar baki mai yatsu biyu AN667 ko ido AN668, wanda ya fi kyau a ba masu injin su yi. Akwai kuma hanyar Nicopress, wadda mai ƙira yake iya yi a gida: kebul ya zagaya zoben kariya AN100, ya dawo ya shiga ɗan bututun jan ƙarfe, a matse da filaya ta musamman. Bututun jan ƙarfe tsura ko mai rufin tutiya na kebul mai tutiya ne, mai rufin kuza na kebul marar tsatsa ne, na alminiyom da ake sayarwa domin shinge kuwa ba shi da wuri a jirgi. Kebul 1/8 matsa uku yake so, a fara da tsakiya, sai gefen zobe, sai ɗaya gefen, kuma bakin kebul ya leƙo waje bayan an gama, domin bututun yana ƙara tsawo idan aka matse shi. Kowace matsa a gwada ta da ma'aunin da ya zo da filayar. Bayan haka a ja kebul ɗin da kashi 60 cikin ɗari na ƙarfinsa, wato laba 1,200 ga mai 2,000, a riƙe minti uku, mutane kuma su kauce daga layinsa. A ɗiga jan fenti a inda kebul ya shiga bututu, domin idan ya fara zamewa fentin zai tsage ya nuna.

Maɗaurin kebul, tanbokul, ganga ce mai zaren dama a gefe ɗaya da na hagu a ɗaya gefen, kuma tsagin da ya zagaye bakin gangar shi yake nuna gefen hagu. Bayan an daidaita ɗauri, kada zare fiye da uku ya rage a waje a kowane gefe. Tsohon samfuri, AN155, da waya ake kulle shi, mai kaurin 0.040 na inci ga kebul 1/8, a naɗa ƙarshenta aƙalla sau huɗu a wuyan kowane gefe. Sabon samfuri, MS21251, yana da ƙugiyoyin kulli MS21256 waɗanda sau ɗaya ake amfani da su. Ba a gauraya gangar wannan da kan wancan. Ɗaurin kebul da ma'auninsa ake duba shi, a kuma lura da zafin rana, domin jikin alminiyom yana buɗewa fiye da kebul na ƙarfe, saboda haka abin da aka ɗaure da sanyin asuba zai ƙara tauri da azahar.

Fuli kuwa kwarinsa ya dace da kaurin kebul, ya tsaya daidai da layinsa, a kuma sa masa fin na tsaro kusa da bakinsa yadda kebul ba zai tsallake ya maƙale ba idan ya yi sako-sako. Zoben da kebul yake ratsawa a bangon cikin jirgi kada ya karkatar da shi fiye da digiri 3. Abin da ya wuce haka aikin fuli ne. Wajen dubawa, a goga tsumma a kan kebul, musamman inda yake hawa fuli, domin tsinkakkiyar waya tana kama zaren tsumma tun ido bai gan ta ba.

Wajen saye, a sayi kaya daga dillalin kayan jirage wanda yake iya nuna daga inda suka fito, a ajiye rasit da lambobi a littafin ƙira, domin mai duba jirgi zai tambaya, kuma kai ma bayan shekara biyar za ka buƙaci sanin abin da ke cikin fiffiken da ka rufe. Wanda yake Najeriya ko Nijar ya tuntuɓi hukumar kula da sufurin sama ta ƙasarsa tun kafin ya yanka ƙarfe na farko. A sayi bol fiye da buƙata, tsawo ɗaya sama da ɗaya ƙasa da abin da zane ya ce, domin jiran kaya daga ƙetare shi yake sa mutum ya miƙa hannu cikin gwangwanin tsofaffin ƙarafa.

Idan an gama haɗawa, a nemo wani wanda bai sa hannu a aikin ba ya bi kowace hanya da yatsa tun daga sandar tuƙi har fiffike, yana kiran bol da noti da fin ɗaya bayan ɗaya, kana shafa ɗigon fenti a kan wanda ya wuce. Sannan ka zauna a kujerar matuƙi shi ya tsaya a waje: sanda zuwa dama, ɓangaren fiffiken dama ya tashi na hagu ya sauka; sanda zuwa baya, ɓangaren wutsiya ya tashi; fedar dama, ɓangaren tsaye na wutsiya ya juya dama. Ya riƙe kowane ɓangare da ƙarfi kana turawa, a ji ko akwai wasa ko ƙara, a kuma tabbata matokarin da aka yi domin tsayar da motsi shi yake tsayar da shi. Wannan gwaji ana maimaita shi duk lokacin da aka kwance ko da kebul ɗaya ne.